Duba ciwon fata daga nesa: hoto na tafiya, amma sai da takardar majinyaci

Daga Maraɗi zuwa Yamai tafiyar kilomita wajen 660 ce, daga Damagaram wajen 900. Wanda ya taso daga Difa kuwa sai ya ci fiye da kilomita 1300 kafin ya hango bakin kogin Isa. Likitocin da suka ƙware kan ciwon fata ƙalilan ne a ƙasar nan, kuma yawancinsu a babban birni suke aiki. Saboda haka manomin da wani tabo ya fito ma a baya, ko uwar da ɗanta ke kwana yana susa, abu biyu ne a gabansu: ko su sayar da akuya su yi kuɗin mota, su bar gida da gona na kwanaki, ko kuwa su tsaya wurin mai tallan magani ran kasuwa su sayi duk man da ya miƙo musu. Mafi yawa na biyun suke ɗauka, domin shi ne ƙarfinsu ya kai.

A shekarun nan an samu hanya ta uku, wadda masana ke kira teledarmatoloji, watau duba ciwon fata daga nesa. Ma'aikacin jinya na gidan likitan ƙauye shi ne zai ɗauki hoton ciwon da wayar salula, ya rubuta bayanin majinyaci, ya aika ta intanet. Ƙwararren likita da ke birni ya duba, ya maido da amsa, majinyaci bai shiga mota ba. Sai dai waɗanda suka daɗe cikin wannan aiki sun gane cewa aika hoto shi ne mafi sauƙi a ciki. Abin da ke da wuya, kuma wanda ya fi amfani, shi ne a haɗa hoton da takardar majinyaci wadda ke ajiye cikin na'ura, yadda abin da aka gani jiya da abin da aka ba shi shekaranjiya ba za su ɓace ba.

Me ya sa fata?

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Ciwon ciki da na zuciya ɓoye suke, sai an aune su da kayan aiki. Ciwon fata kuwa a fili yake, rabin saninsa ido ne ke yi. Shi ya sa hoto ke da amfani ƙwarai a wannan fanni na likita. Tun shekarar 1995 wasu masana biyu na jihar Oregon ta Amurka suka yi rubutu kan yadda za a duba mutanen karkara ta wannan hanya, daga nan kuma sunan ya bazu.

Cututtukan fata suna cikin abubuwan da suka fi kai mutane gidan likita a ƙasashe masu zafi. Mafi yawansu sanannu ne: ƙazwa, makero, ƙyasbi, maruru, ƙuraje masu ruwa na yara, da gyambo. Maganinsu ba shi da tsada idan an gane su. Amma a tsakiyarsu akwai waɗanda ke shigowa da fuskar ƙaramin ciwo alhali manya ne: farkon kuturta, ciwon dajin fata da ke kama zabiya, da alamun cutar sida, wadda sau da yawa a fata take fara nuna kanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana jan hankali a kan wannan. A 2017 ta saka ƙazwa cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, a watan Disamba na 2023 ta ƙara da cutar noma mai cin fuskar yara, sa'an nan a watan Mayu na 2025 babban taronta na Janeba ya amince da ƙudurin da ƙasar Kodibuwa ta jagoranta, wanda ya ɗauki cututtukan fata a matsayin babbar matsalar lafiyar jama'a. Nijar kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan fage: a 2013 aka tabbatar ta rabu da kurkunu, a watan Janairu na 2025 kuma ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta kau da cutar makantar kogi, wadda ban da ido har fata take lalatawa.

Hanya biyu ake bi wajen duba majinyaci daga nesa. Ta farko ita ce a haɗa shi da likita kai tsaye, suna ganin juna suna magana. Wannan tana son intanet mai ƙarfi, tana kuma son kowa ya kasance a shirye lokaci guda. Ta biyu ita ce a ajiye hoto da bayani, a aika sa'ad da layi ya samu, likita ya amsa sa'ad da ya sami sarari. Ta biyun ce ta dace da karkara, inda layin waya yakan zo da safe ya ɗauke da rana.

Gayyar da aka fara a Mali

Misalin da ya fi kusa da Nijar yana ƙasar Mali. A Bamako akwai tsohuwar cibiyar yaƙi da kuturta da aka buɗe tun 1935, wadda daga baya aka sani da sunan Marchoux. A nan ne likitocin fata na Mali suka yi ta samun horo. A farkon shekarun 2000 likitocin wannan cibiya, cikinsu har da Antoine Mahé da Ousmane Faye, suka tara ma'aikatan jinya wajen 400 na kewayen Bamako, suka ba kowane rukuni horo na yini guda kan cututtukan fata da aka fi gani. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna cewa kafin horon kashi 42 cikin 100 na majinyata ne ke samun ganewa da magani daidai, bayan horon kuwa suka kai kashi 81, kuɗin magani kuma ya ragu da kashi ɗaya bisa huɗu.

Amma horon yini guda ba ya mai da mutum ƙwararre. Saura cututtukan da suka fi ƙarfin ma'aikacin jinya, a ƙasar da a lokacin likitan fata bai wuce kimanin ɗaya ga mutum miliyan ɗaya ba. A nan ne aka koma ga wata ƙungiyar likitanci daga nesa ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, mai suna RAFT, wadda ta samo asali a Mali tun farkon shekarun 2000 da haɗin gwiwar asibitocin jami'ar Janeba, kuma Nijar na cikinta. Ƙungiyar tana da wani dandali na intanet da ake kira Bogou. Duk wanda ke jin Zabarmanci ya san wannan kalma: ita ce gayya, aikin da mutanen gari ke taruwa su yi ma ɗayansu a gona.

A 2015 Farfesa Ousmane Faye da abokan aikinsa, da tallafin gidauniyar Pierre Fabre ta Faransa, suka fara gwaji a gidajen likita 10 na jihohin Kulikoro da Sikaso da Mopti, bayan sun horar da ma'aikata 20 kan cututtukan fata da ɗaukar hoto da amfani da dandalin. Rahoton da suka buga a 2018 ya ƙunshi majinyata 180, kuma a tsakaice awa 32 ake yi kafin amsar ƙwararre ta iso, watau ƙasa da kwana biyu. Daga baya aka faɗaɗa aikin a cikin Mali, aka kuma kai irinsa Burkina Faso da Togo da Muritaniya da wasu ƙasashe.

Abin lura a nan shi ne, a dandalin ba hoto tsirara ake jefawa ba. Kowane majinyaci ana buɗe masa takarda: shekarunsa, jinsinsa, tun yaushe ciwon ya fara, ina ya fara fitowa, wane magani ya riga ya sha. Amsar likita a kan takardar take sauka, a can kuma take zama.

Abin da hoto ba ya faɗi

Misalai uku za su nuna dalilin wannan tsari.

Na farko kuturta. Farkonta ɗan tabo ne mai haske a fata, ba ƙaiƙayi, ba zafi. A hoto yana iya kama da ƙyasbi ko makero, ko da idon ƙwararre ne ya duba shi. Abin da ke rarrabe su shi ne mutuwar ji: ma'aikacin jinya zai sa majinyaci ya rufe ido, ya shafa auduga a kan tabon, ya ga ko ya ji, zai kuma lalubi jijiyar gwiwar hannu ya ji ko ta kumbura. Wannan aikin hannu ne, na'ura ba ta yin sa. Idan ba a rubuta sakamakonsa ba, likitan birni a duhu yake. Bayan an gane cutar kuma, maganinta na wata 6 ne ko wata 12 gwargwadon irinta, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi a duniya. Amma wa zai san ko majinyaci ya karɓi na wata na huɗu, idan ya tafi cin rani aka kuma canza ma'aikacin jinyar da ya san shi? Takarda ce kaɗai ke riƙe wannan lissafi. Asibitin kutare na Danja da ke kusa da Maraɗi, wanda ke aiki tun 1956, shaida ne na abin da jinkiri ke haifarwa: kuturtar da aka kama da wuri tana warkewa ba tare da ta taɓa yatsa ba, wadda aka bari kuwa ko ta warke ba ta maido abin da ta ɗauke.

Na biyu man shafawa mai kortizon. Ana sayar da shi barkatai a kasuwanni, wasu don ƙaiƙayi, wasu don sauya launin fata. Idan aka shafa shi a kan makero, ƙaiƙayin yakan lafa na ɗan lokaci, amma ciwon sai ya bazu, ya sāke kama, har zoben nan da ake gane shi da shi ya ɓace. Likitan da ya ga hoton bai san an shafa man ba yana iya zaton wani ciwo ne dabam, ya ƙara rubuta kortizon, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Layi guda a takarda, mai cewa majinyaci ya yi wata biyu yana shafa mai kaza, ya isa ya hana wannan kuskure.

Na uku shi ne mafi haɗari: ƙin magani. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar wasu magunguna, musamman dangin sulfa irin su kotirimokzazol, da wasu magungunan farfaɗiya da na sida. Kwanaki ko makonni kaɗan bayan fara sha sai zazzaɓi ya taso, leɓe da ido su yi miki, fata ta riƙa saluɓewa kamar ta wanda ya ƙone. Wannan ciwo yana kisa, kuma matakin farko na ceto shi ne a gane maganin da ya jawo shi a tsayar da shi nan take. Hoto zai nuna fatar da ta saluɓe, amma ba zai faɗi sunan ƙwayar ba. Wanda ya tsira kuma, idan ba a rubuta a inda kowane likita zai gani cewa kada a sake ba shi wannan magani har abada ba, wata rana a wani gari ana iya maimaita masa, karo na biyu kuwa yakan fi na farko tsanani.

Har ila yau akwai cututtukan da sai an jera hotunansu na lokuta dabam-dabam ake gane inda suka nufa. Ɗan tabon da ke wuyan zabiya, idan aka kwatanta hotonsa na bana da na bara aka ga ya girma ko ya fara miki, lokacin cire shi ya yi. Hoto guda ba ya ba da wannan labari.

Daga karne zuwa na'ura

Kowa ya san ɗan littafin nan da ake ce ma karne, wanda majinyaci ke zuwa da shi gidan likita. Ya yi aiki shekara da shekaru, amma rauninsa sananne ne: ruwan sama ya jiƙa shi, gara ta ci shi, ko a manta da shi a gida, a sayi sabo a fara daga farko. Babban rajistan gidan likita kuwa jerin ranaku yake bi. Wanda ke neman abin da aka rubuta ma wani mutum bara sai ya yi ta buɗe shafi.

Takardar majinyaci ta na'ura karne ce wadda ruwa ba ya jiƙawa. Mutum ɗaya, lamba ɗaya, kuma duk abin da ya shafe shi a ƙarƙashin lambar yake taruwa: ciwon da ya taɓa yi, magungunan da ya sha, waɗanda jikinsa ya ƙi, sakamakon awon jini, hotunan fatarsa da ranakunsu, da amsar ƙwararre. Idan aka tura shi daga cibiyar CSI zuwa asibitin gunduma, ko daga can zuwa babban asibitin jiha, likitan da ya karɓe shi zai buɗe takardar ya ga komi, ba sai an sake tambayar majinyaci abin da shi kansa ya manta ba.

Wajibi ne a bambanta wannan da tsarin DHIS2, wanda jami'ar Oslo ta Norwe ta ƙirƙiro, wanda kuma ma'aikatun kiwon lafiya na ƙasashen Afirka da yawa, har da Nijar, ke tattara alƙaluma da shi. Babban aikin da aka fi sa shi shi ne ƙidaya: mutum nawa suka zo da ƙazwa a wata kaza a gunduma kaza. Wannan yana amfanin magabata wajen tsara aiki da raba magani, amma ba shi ne labarin mutum guda ba. Don labarin mutum guda akwai wasu tsare-tsare, irin su OpenMRS da aka fara a 2004, wanda aka yi amfani da shi da farko wajen bin masu cutar sida a Kenya da Ruwanda, kuma kyauta ne ga duk ƙasar da ke so.

Matsalar da ake fama da ita a ƙasashe da dama, har da masu arziki, ita ce kowane tsari yana zaman kansa. Dandalin aika hoto dabam, takardar asibiti dabam, rajistan ƙidaya dabam. Ma'aikacin jinya sai ya rubuta abu ɗaya sau uku, alhali layin majinyata na jiran sa a waje. Wanda aka ɗora ma wannan nauyi, ba da daɗewa ba zai bar ɗaya daga ciki. Maganin abin shi ne na'urorin su ji yaren juna, a rubuta sau ɗaya ya shiga ko'ina. Shi ya sa ake son kowace cuta a kira ta da lambarta ta kundin cututtuka na duniya, wanda bugu na 11 nasa ya fara aiki a watan Janairu na 2022. Ta haka abin da likitan Yamai ya rubuta shi ne na'urar Tawa za ta karanta.

Ƙayoyin da ke kan hanya

Na farko sanin mutum. A gari guda ana iya samun mata goma masu suna ɗaya, sunan mahaifinsu ɗaya, kuma da yawa ba su da takardar haihuwa, sai dai a ce an haife su wajen shekara kaza. Idan aka haɗa takardun mutum biyu wuri guda, ɓarnar ta fi ta rashin takarda. Dole ne lambar majinyaci ta zama tabbatacciya, a rubuta ta a kan karnensa, a haɗa da sunan gari da na unguwa.

Na biyu kyawun hoto. A baƙar fata jan ciwo ba ya fitowa sosai, hasken waya kuma yana wanke launi. Ana koya ma ma'aikata su ɗauki hoto da hasken rana amma a inuwa, su ɗauki aƙalla uku: ɗaya daga nesa don a ga inda ciwon yake a jiki, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daf da shi tare da ma'auni a gefe.

Na uku sirri, kuma shi ne mafi nauyi. Ciwon fata ciwon kunya ne. Yakan fito inda tufa ke rufewa, kuma sunan kuturta kaɗai ya isa ya raba aure ko ya hana shi. Ma'aikata da yawa, da kyakkyawar niyya, sukan aika hoton majinyaci ga wani likita da suka sani ta WhatsApp. Amsa takan zo da sauri, amma hoton ya zauna cikin wayar mutum tare da hotunan suna da na biki. Wayar tana iya ɓata, yaro yana iya buɗe ta, amsar kuma ba ta shiga takardar kowa ba. Ingantaccen tsari yana buƙatar a nemi yardar majinyaci kafin a ɗauki hoto, a kauce ma fuska idan ba a nan ciwon yake ba, mace ta ɗauki hoton mace inda hali ya yi, kowane ma'aikaci ya shiga da mabuɗinsa, na'ura kuma ta rubuta wanda ya buɗe takarda da lokacin da ya buɗe ta. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, wadda aka sabunta a 2022, da hukumar da ke kula da ita. Bayanan lafiya kuwa suna cikin waɗanda suka fi cancantar tsaro.

Na huɗu wuta da layi da magani. Faifan hasken rana yana iya cika waya, tsarin da ke ajiye bayani har layi ya dawo yana iya jure katsewar intanet. Amma amsar ƙwararre ba ta da amfani idan maganin da ya rubuta babu shi a ɗakin maganin gidan likita. Ƙazwa, alal misali, ba ta barin gida sai an yi ma dukan mutanen gidan magani rana ɗaya, an wanke tufafi da shimfiɗu. Kwalba guda ba ta isa.

Akwai kuma abin da nesa ba za ta taɓa yi ba. Ciwon da ke son a yanki ɗan nama a auna, ko a yi fiɗa, ko a kwantar da majinyaci, dole ne a yi tafiya. Amfanin duba daga nesa a nan shi ne a tace: wanda za a iya warkarwa a gida ya zauna, wanda dole ya tafi ya tafi da wuri, ya tarar an san da zuwansa.

A gayyar gona kowa da aikinsa: wannan ya riƙe hauya, wancan ya kawo ruwa, mai gona kuma ya san kunyar da aka nome da wadda ta rage. Haka wannan aiki yake. Ma'aikacin jinya shi ne ido da hannu, ƙwararren likita shi ne mai sani, takardar na'ura ita ce ke riƙe lissafi. Shi ma majinyaci da nasa rabon: ya zo tun tabon yana ƙarami, ya zo da karnensa, ya zo da kwalin duk man da ya shafa da ƙwayar da ya sha, ya faɗi gaskiya ko da daga kasuwa ya saye su. Lafiya uwar jiki ce, fata kuma ita ce rigarta.